Kyaftin Zenko da Yawon Tsibirai Uku

A kan kujerar askina Zenko ya fara bayyana shirinsa, fuskarsa duk kumfa, ni kuma aska tana hannuna daidai maƙogwaronsa. Da na san abin da zai biyo baya, da na bar hannun ya ɗan zame.

"Norio, jirgin shaƙatawa zan yi haya," in ji shi. "Irin farin nan da masu kuɗin Tokyo ke kwanciya a kai suna gasa cikinsu. Zan ɗauki tsofaffin nan biyu in zaga da su tsibirin Taketomi, in zaga Kuroshima, in zaga Kohama, in dawo da su kafin shayin la'asar. Daga nan sai mu ga wanda za su miƙa wa filafilin baya."

"Daina motsa baki, zan yanke ka."

"Yanke ni mana. Jinin matuƙa ne zai zuba."

Zenko mijin yayata Hatsu ne, shi ya sa nake yi masa aski kyauta, nake kuma shan surutunsa kyauta. Filafilin bayan da yake magana, shi ne wanda matuƙi ke riƙewa a jirgin unguwarmu ranar tseren jirage na shekara. Oji Yoshun ne ke riƙe da shi tun ina yaro, sai bara gwiwarsa ta ce ta gaji. Shi da Oji Taru, shugaban masu shirya tseren, su ne tsofaffin nan biyu da za su zaɓi magaji. Kafin Oji Yoshun kuwa, mahaifin Zenko ne ya riƙe shi. Zenko ya tafi Osaka yana saurayi, ya dawo tsibirinmu na Ishigaki da furfura, har yau waɗanda suka yi aji ɗaya da shi ɗan Osaka suke kiran sa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma da zai rufe bakinsa na yini ɗaya da na tausaya masa.

Amma ina! Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda ya shugabanci jirage a Osaka. Kuma ba ƙarya ya yi ba, Yaya Hatsu ta tabbatar mini. Jiragen dai masu siffar agwagwa ne, a tafkin wani lambun shaƙatawa, masoya ke shiga suna tuƙawa da ƙafa. Aikin Zenko shi ne ya tura su da sanda, in lokaci ya cika ya hura usur. Lasisin tuƙin jirgi kam yana da shi, ya same shi bayan 'yan kwanaki a wani aji, tun daga ranar yake kwance a walat bai taɓa ganin ruwan gishiri ba.

Ya tashi da tawul a wuya ya nufi kalandar da ke bangon shagona, ya bi ta da yatsa har ya sami ranar Taian, ranar sa'a da ake ɗaura aure ake buɗe shago. Ya danna ta da ƙarfi. Bai dubi ƙananan rubutun da ke ƙasa ba, na lissafin watan tsofaffi.

Yaya Hatsu ce ta duba masa da yamma. "Ranar Sanizu ce fa, mai gida."

"To sai me? Sanizu na mata ne. Ku je ku jiƙa ƙafafunku ku tsinci dodon koɗi, maza za su shiga teku."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To." Ta ci gaba da yankan kifinta.

Ko yaron goye a nan ya san dalilin da ya sa mata ke fita gaɓa a ranar. Duk shekara babu ranar da teku ke janyewa kamar ta, sai ka ga fili ya buɗe inda jiya kifi ke iyo. Amma hanyar tsibiran nan uku tana da zurfi, jirgin fito ma bi yake yi kowace rana, don haka ban ga abin damuwa ba.

Da ranar ta zo, da safe muka haɗu a tashar jiragen ruwa. Zenko ya iso cikin farin kwat da farin wando, yana warin maganin asu, da hular kyaftin mai zanen anka na ruwan zinari. Matar kamfanin haya ta fara nuna masa abin da zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba, ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, lokacin da nake kan ruwa ke ba a ma yi auren iyayenki ba."

Ta sunkuya ta miƙa masa makulli, ta tafi tana waiwaye.

Sai ga tsofaffin nan sun iso, kowa da bokiti, da takalmin roba, da ƙugiyar ƙarfe ta zaƙulo abin rami. Oji Yoshun ya haɗa da garayarsa mai tsirkiya uku.

"Haba Oji, bokiti a jirgin alfarma?" in ji Zenko. "Akwai banɗaki a ciki, har da madubi."

"Tsufa ne, ɗana," in ji Oji Taru. "Mutum ba ya sanin inda zai bukaci bokitinsa."

Zenko ya hau, ya tsaya bayan sitiyari, ya gyara murya. "Doka ɗaya ce a jirgina. Kyaftin ɗaya ne. Ba shawara, ba gyara, ba 'da ni ne'. Yau ku baƙi ne, ku zauna ku kalli aiki."

Tsofaffin suka dubi juna. Ban taɓa ganin mutane sun karɓi doka da farin ciki haka ba. Oji Taru ya ce, "Na rantse da kabarin ubana, ko wuta ta kama ba za ka ji bakina ba."

"Ni ma haka," in ji Oji Yoshun, ya miƙe gurguwar ƙafarsa a kan matashi.

Zenko ya tayar da inji, ya tura. Jirgi ya yi ruri, ruwa ya yi kumfa a baya, ba mu matsa ko taku ba. Ya ƙara wuta. Jirgi ya kama karkarwa, kofuna suka yi ta kaɗawa a ciki. Masunta da ke gyaran raga a bakin tasha suka ajiye aikinsu suka matso.

"Jan ruwa ne mai ƙarfi yau," in ji Zenko. "A Osaka muna kiran sa..."

"Ɗan Osaka!" wani masunci ya ƙwala. "Tashar ma da ita za ka yawon?"

Igiyar baya ce, tana nan ɗaure a turke. Masuncin ya sa ƙafa ya zare ta, inji kuwa yana kan cikakken ƙarfi. Muka fita a guje, na faɗa kan akwatin abinci, muka wuce da ragar da wani bawan Allah ya shanya, tana bin mu a baya tana rawa. Zenko ya ɗaga musu hannu kamar mai karɓar gaisuwa.

Da muka fita bakin tasha ya ce a ɗaga ƙyallen iska. Ni mai aski ne, abin da ya nuna mini na ja. Ƙyalle ya hau rabi, iska ta cika shi, doguwar sandar da ke riƙe da shi ta juyo. Tsofaffin suka sunkuya tare, ba tare da sun ko ɗago ido ba. Zenko na tsaye yana bayanin iskar kudu, sandar ta share hular daga kansa ta aika ta teku.

"Hulata! Norio, riƙe idonka a kanta!"

Muka shiga bin hula. Mu zagayo, ta wuce ta hagu. Mu sake zagayowa, ta wuce ta dama. Muna cikin wannan kewaye sai ga jirgin fito na Taketomi ya taso, cike da baƙi, yana danna ƙaho kamar zai tsage. Muka wuce ta gaban hancinsa da kyar. Matuƙinsa ya leƙo ta taga ya faɗi wata magana game da kakannin Zenko, baƙi kuma suka yi ta ɗaukar hoto.

"Kun ji ƙahon nan?" in ji Zenko. "Gaisuwar kyaftin da kyaftin ke nan."

Oji Taru ya buɗe baki, ya tuna rantsuwarsa, ya cusa wainar shinkafa a ciki.

Da sandar goge-goge na kamo hular. Ya matse ta ya mayar kansa, ruwa na bin kunnuwansa. A lokacin ne igiyar ruwan da jirgin fito ya bari ta iso mu, muka hau muka sauka, muka sake hawa. Na ga fuskar Zenko ta koma kalar ɗanyen rake. Ya haɗiye wani abu da ya taso masa, ya dubi Taketomi can nesa, ya dubi gaɓar unguwarmu nan kusa, inda ruwa ke kwance lumui a bayan duwatsun murjani.

"An sauya tsari," in ji shi. "Kyaftin na gari ba ya wuce gida bai gaisa ba. Za mu shiga gaban unguwa mu ci abinci, mutane su ga jirgi. Tsibirai ba gudu za su yi ba."

"Yaya Zenko," na ce, "yau fa..."

"Doka, Norio!"

"Ruwan nan..."

"Kai da ruwa, sai na wanke kai. Zauna."

Na zauna. Na dubi tsofaffin ko za su taimaka, sai na ga Oji Yoshun yana jawo takalmin robarsa kusa da shi.

Ruwa a cike yake a lokacin, don haka muka haye kan duwatsun lafiya. Wata na'urar auna zurfin ruwa kusa da sitiyari ta fara kuka, ƙit-ƙit-ƙit, tana nuna jan rubutu. Zenko ya ce an yi ta ne don yaran Tokyo masu tsoro, ya cire jiƙaƙƙiyar hularsa ya kifa mata, da ta ƙi shiru ya zare mata waya. Ya kai mu daidai gaban unguwa, har ina hango rufin shagona da wandon Zenko da Yaya Hatsu ta shanya. Nan ya jefa anka a kan farin yashi, ya tsaya yana jiran jama'a su fito kallo.

Aka buɗe abinci. Soyayyen kifi, dunƙulen shinkafa, naman da aka dafa da baƙin sukari, da kwalbar awamori, giyar shinkafarmu. Oji Yoshun ya ɗauki garaya ya fara kaɗa wata waƙa a hankali. Cikin Zenko ya lafa, bakinsa ya dawo. Ya hau labarin guguwar da ta same shi a Osaka, wadda ya ceci jirage da dama shi kaɗai da sanda ɗaya.

"Igiyar ruwa ta kai tsayin gidan sama," in ji shi. "Mata na kuka, maza na kuka. Ni kuwa na tsaya haka..."

Kofinsa ya tashi daga gabansa, ya bi tebur a hankali, ya tsaya gaban Oji Taru. Tsohon ya ɗauka ya shanye.

"Kaɗawar ruwa ce," in ji Zenko.

Babu wata kaɗawa, ruwan ko motsi ba ya yi. Irin waɗannan jiragen suna da wata doguwar ƙafa ta ƙarfe a ƙarƙashi, kuma tamu ta riga ta taka yashi. Can sai farantin kifi ya bi kofi. Kwalba ta bi faranti, Oji Yoshun ya cafke ta da hannu ɗaya bai daina kiɗa ba.

"Yaya Zenko, jirgin nan ya karkace."

"Haka jiragen masu kuɗi suke, jingina suke yi in sun huta. Kai ina ka taɓa shiga?"

Ya ci gaba da labari, yana tsaye ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Daga ciki muka ji tukwane sun zube. Ƙofar banɗaki ta buɗe da kanta, wani abu ya gangaro wanda ba zan faɗa ba. Jirgi ya yi wani dogon nishi, ya kwanta a gefensa, sandar ƙyalle ta nuna Taketomi, wato iyakar kusantar da muka yi da ita ke nan. Zenko ya zame, ya bi bene da farin wandonsa, ya tsaya a jikin ƙarfen gefe, miyar nama ta biyo shi ta same shi a can.

"Mun nutse!" ya ƙwala. "Dutse ya fasa mu! Kowa ya ceci ransa!"

Ya rarrafa ya zaro rigunan ceto, ya sa ɗaya, ya ɗora wata a kai. Ya kama wuyan rigata ya jawo kunnena bakinsa.

"Norio, ban iya ruwa ba."

"Kai? Ɗan matuƙi?"

"Rufa mini asiri! Tafkin Osaka iyakarsa gwiwa. Ko Hatsu ba ta sani ba."

A gaskiya a nan tausayinsa ya kama ni. Na buɗe baki in ce masa ya leƙa ƙasa, amma ya riga ya sake ni. Ya kwance ƙaramin kwalekwalen roba da ke ɗaure a baya, ya tura shi, ya rufe ido ya faɗa ciki.

"Kyaftin ba shi ne ke fita ƙarshe ba?" na ce.

"Taimako zan nemo! Ku riƙe tsofaffi!"

Ya kama filafilai ya shiga tuƙi da dukan ƙarfinsa, ido a rufe, yana kiran sunan mahaifinsa. Filafilai na tono yashi suna watsa shi sama. Kwalekwalen ya matsa kamar tsawon tabarma ya zauna daram. Zenko bai sani ba, tuƙi kawai yake yi.

Tsofaffin kuwa suka sa takalman robarsu a natse, suka ɗauki bokiti da ƙugiya, suka zuro ƙafa ta gefen da ya kwanta. Ruwan bai rufe idon sawunsu ba. Oji Yoshun ya dubi fili ya ce, tun bara gwiwarsa ta hana shi zuwa wannan wuri mai nisa a ranar Sanizu, yau ga shi an kawo shi har bakin ramukan.

Sannan mata suka iso. Duk unguwa, daga masu goyo har masu sanda, sun taho a ƙafa daga gaɓa da kwanduna da faffaɗan huluna, suna waƙa. Da suka hango farin jirgi kwance, waƙar ta tsaya. Suka kewaye kwalekwalen roba suna kallon mutum da rigar ceto biyu yana tuƙa yashi. Oba Nabe ce ta matso, wadda ta haura casa'in kuma bakinta bai tsufa ba. Ta ƙwanƙwasa robar da sandarta.

"Sannu da hanya, Kyaftin. Daga wace ƙasa?"

Zenko ya buɗe ido ɗaya. Ya ga sandar, ya ga ƙafafun Oba Nabe, ya ga wata kaguwa ta wuce ta gefensa a ƙasa.

"Atisaye ne, Oba," in ji shi. "Atisayen ceto. Dokar jirgi ce."

"Wa ka ceto?"

"Tukuna dai."

"To matsa, ka zauna mini a kan rami."

Dariya ta fashe, har wata ta zauna a ruwa. Aka fara jefo masa tambayoyi ta ko'ina. Wata ta ce yaya mutanen Kohama, suna lafiya? Wata ta ce tsarabar Kuroshima fa, ko ita ce wannan miyar ta wando? Matar mai ragar da muka ja ta zagaya bayan jirgi ta kwance kayanta, ta ce ta gode da wanki. Wasu suka shanya ciyawar ruwan da suka tsinta a kan igiyoyin jirgi, masu goyo suka shimfiɗa 'ya'yansu a inuwar ƙyalle.

Yaya Hatsu ta iso ƙarshe, kwandonta a kai. Ta tsaya a kansa.

"Hatsu, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ce maka ranar Sanizu ce."

"Ba ki ce ruwan zai tafi ba!"

"Ka ce na mata ne. Ga shi ka zo, sai ka jiƙa ƙafarka kamar kowa." Ta sauke kwandon a cinyarsa. "Riƙe mini, tunda kana zaune."

Haka Kyaftin Zenko ya yini a kwalekwalen roba yana gadin dodon koɗi, domin ruwa ba zai dawo ba sai yamma. Matar kamfanin haya ma ta tako a ƙafa, takalmanta a hannu. Ta zagaya jirgin, ta ga yashi ne ya karɓe shi bai fashe ba, ta dubi Zenko ta tambaye shi cikin ladabi ko a wace shekara aka yi auren iyayenta.

Da rana ta karkata tsofaffin suka dawo, bokitai cike. Oji Taru ya tsaya gaban kwalekwalen ya ce, "Kyaftin, mun sauka daga jirginka. Dokar ta ƙare?"

Zenko ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Mata suka matso, don kowa ya san abin da aka fito nema.

"Filafilin baya dai ba naka ba ne," in ji Oji Taru. "Mahaifinka ma da yana nan, shi zai fara karɓewa."

Karo na farko ke nan da na ga bakin Zenko a rufe babu aska a wuyansa, kuma ban ji daɗin ganin ba.

"Amma ba za mu bar ɗan unguwa a tudu ba," in ji tsohon. "Akwai tsere na biyu, wanda ake kifar da jirgi da gangan a tsakiyar hanya, kowa ya faɗa ruwa, a tayar da shi a ci gaba. Kullum mu ne na ƙarshe, yaranmu ba su iya kifarwa da sauri ba. Kai kuwa yau ka kifar da jirgin da ya fi namu sau goma, babu iska, babu igiya, babu ma ruwan. Ni da Yoshun mun yanke, kai ne shugaban masu kifarwa na bana."

Mata suka ɗauki guɗa da fito. Oji Yoshun ya saki kiɗa mai sauri, hannaye suka tashi sama, Oba Nabe ta jefar da sanda ta shiga rawa. Wata murya ta ƙwala, "Zenko namu!" Sauran suka amsa. Babu wanda ya ce ɗan Osaka.

Zenko ya miƙe a cikin kwalekwalen, da rigar ceto biyu da miya a wando, idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuya wa gabas, ya sunkuya wa yamma.

"Dama abin da na fito nuna muku ke nan," in ji shi. "Tuƙi kowa ma ya iya."

Aka ƙara guɗa. Yana murmushi yana ɗaga hannu, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Norio, wurin da ake kifarwar nan, can ma ruwan yana janyewa?"

"A'a, Yaya Zenko," na ce. "Can ba ya zuwa ko'ina."